Farin Kaftanin Malam Yusha'u

Ku da kuke zama a bencin nan kullum da la'asar kuna kallona, na ji abin da ɗayanku ya faɗa shekaranjiya, wai wanki da guga ba sana'a ba ce, duk mai hannu biyu da sabulu zai iya. Ban tanka ba a lokacin, don dutsen guga na hannuna, kuma ba na magana da wuta a hannu. Yau na gama da wuri, ku gyara zama. Kai kuma Nura, sauke ƙafarka daga kan buhun gawayina.

Ni Haruna mutumin Zakka ne, ta ƙasar Safana. Ina saurayi fari ya kore ni zuwa Katsina, na faɗa hannun wani tsoho mai wanki, Malam Ɗan'asabe, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai faɗan tsiya. Rani da damina suka wuce ban taɓa rigar kowa ba, sai ɗebo ruwa da hura gawayi da dama sitaci. Sitacin na rogo ne, a kwaɓa shi da ruwan sanyi tukuna, sannan a sheƙa masa tafasasshe ana juyawa. In ya yi gudaji, tsohon nan zai ɗauka ya watsar a gabanka ya ce sake, ko kallonka ba zai yi ba. Ranar da ya fara ba ni dutse, tsumman goge tebur ya shimfiɗa min. Na goge, ya ɗaga ya duba, ya ce ko jaki ba zai yarda a ɗora masa wannan ba.

A wurinsa na koyi cewa kowane yadi da halinsa. Shadda ba ta son dutse, bugu take so. A yayyafa mata ruwa, a ninke, a ɗora kan gungume, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna da mabugi, naka na sauka nasa na tashi, har ta ɗauki sheƙi. Ka kuskure hannu, yatsanka ne zai gaya maka. Ku dubi wannan da ya karkace. Farin yadi kuwa shi ne mai tona asirin mai wanki. Bula ta yi yawa ya yi shuɗi, ta yi kaɗan ya yi ja-ja, toka ɗaya ta faɗo daga dutse ka koma baho.

Yawancin masu kawo mana kaya ma'aikatan gwamnati ne na wani sashe na aikin gona da ke kusa da rumfarmu. Da tsohon ya rasu su na gada. A cikinsu akwai Malam Yusha'u, malamin gona, dogo siriri, ba ya ɗaga murya. Ba na manta kayan da ya fara kawo min: fararen kaftanai na yadi mara tsada, gindinsu duk jan taɓo, ƙafar wandon kuwa ƙarangiya ta cika ta. Na zauna ina cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya ina mita, har na kasa haƙuri na tambaye shi me ya haɗa mai shiga gona da farin kaya. Ya yi murmushi ya ce duk ƙauyen da zai je, manoma sukan yi wanka su ciro rigarsu ta Juma'a su jira shi a gindin bishiya, to da wane ido zai je musu da datti? Tun daga ranar yake kirana Sarkin Wanki, ni kuma na daina yi masa mita, sai dai a zuci.

Haka muka tsufa tare, yana ɓatawa ina gyarawa.

Sai aka wayi gari gwamnati ta ce malaman gona ba su da abin yi a birni, babu mai noma a bakin kwalta, kowa ya koma inda manoman suke. Aka raba sashen, wasu Safana, wasu nan Batsari. Kai, ku zo ku ga hankali ya tashi! Manya da gemunsu suna zarya gidajen masu faɗa a ji don a cire sunansu. A rumfata suke zama suna ƙorafi, wannan ya ce makarantar 'ya'yansa, wancan ya ce asibitin tsohuwarsa, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da abin da ya ɗaure shi. Malam Yusha'u kaɗai na ga yana fara'a. Ya ce da ma kunya yake ji, mutum ya zauna ƙarƙashin fanka a birni yana rubuta yadda gero ke yi a ƙauyen Yasore.

Da motocin suka kwashe tebura da kujeru, igiyar shanyata ta koma wayam. Na duba na ga abincina ya hau mota ya tafi, sai na ɗaure gungumena da dutsena na bi shi. Da ma Batsari kusa da gida ne.

Garin nan ya ji zuwansu. Masu ɗakunan haya suka yi fenti, mai shayi ya ƙara benci, mahauta suka fara yanka har ranar da ba kasuwa. Manomin da a da sai ya kwana a hanya kafin ya ga malamin gona, yanzu da babur zai zo ya koma kafin azahar. Amma in gaya muku gaskiya, yawancin ma'aikatan jikinsu ne kawai ya zo. Iyali na Katsina, su iso Litinin da hantsi, Alhamis da yamma an kama hanya. Malam Yusha'u ne ya tare da gaske. Ya kama gida bayan masallacin unguwarmu, ya kawo matarsa Hajiya Binta, ya sa yaransa makarantar garin, har tumaki ya ɗaure.

Wankin farko da na yi a nan ya kusa sa ni kuka. Ruwan rijiyar da na samu zartsi ne, sabulu ba ya kumfa a cikinsa, fararen kaya suka fito kamar an jiƙa su a ruwan kanwa. Na bi gari rijiya-rijiya ina ɗanɗanawa da harshe har na samu mai daɗi can wajen gari. Da damina kuma nakan tari ruwan sama a durom in rufe, ba na taɓa shi sai don farin kaya. Ranar Talata in hau mota zuwa Safana in karɓo na can, in mayar musu ranar Alhamis kafin su tafi. Shekarun nan mun ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A cikinsu na aurar da 'ya'yana mata.

Sannan daji ya lalace.

Ba sai na ba ku labarin wannan ba, a cikinsa kuka girma. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda ya shigo rumfar mai wanki. Da 'yan bindiga suka fara tare hanya, aka lura ba kowa suke ɗauka ba. Sukan sauke mutane su duba tafin hannu, su duba sutura. Wanda rigarsa ke da karin guga, tana ƙamshin sitaci, shi ne za a ce ya koma gefe. Wato aikin da na kashe rayuwata ina koyo, shi ya zama alamar da ake tsince mutum da ita.

Wani akawu ne ya fara zuwa min da maganar, yana sunkuyar da kai. Ya ajiye wata riga da ya sayo a gwanjo, ya ce in wanke amma kada in sa sitaci, kada in goge, in ma da hali in sa ta tsufa. Na ce ban gane ba. Ya ce in mayar da ita irin ta wanda ya taso daga gona. Kafin wata ya ƙare duk sun bi sahu. Na koyi jiƙa riga a ruwan jar ƙasa, in murɗe ta in bar ta ta bushe a dunƙule, in goga wuyan da ɗan man gyaɗa don ya yi kama da gumin kwana da kwanaki. Rumfar nan ta koma wurin canza kaya. Litinin su iso kamar masu zuwa ƙwadago, su shiga bayan labule su fito da shadda, Alhamis su tuɓe su bar min. Wallahi duk rigar da na ɓata da hannuna sai na ji kamar na zagi tsohon da ya koya min. Amma na yi, don rai ya fi riga.

Malam Yusha'u bai taɓa shiga bayan labulen nan ba. Shi da ma ba ya zuwa Katsina, amma inda yake zuwa ya fi hanyar Katsina haɗari. Ruma yake shiga, bakin daji, kan tsohon babur ɗinsa, cikin farin kaftani da ake hangowa tun daga nesa. Abokan aikinsa sun yi masa magana har sun gaji. Sannu a hankali su ma suka rage zuwa, daga kowane mako zuwa sa'in da suka ga hanya ta yi sauƙi, har ofishin ya zama shi da maigadi.

Wata safiya ina tsaka da ɗauraya na ji sallamar mace. Hajiya Binta ce da kanta, ita da ko ƙofar gida ba a cika ganinta ba. Ta tsaya daga bakin rumfa muka gaisa, ta tambayi iyali, na tambayi yara, ita kuwa tana murza bakin hijabinta.

Ta ce, "Malam Haruna, don girman Allah ka daina goge masa. Na yi magana, 'yan'uwansa sun yi, ba ya ji. In bai samu gogagge ba wataƙila ya haƙura ya sa irin na mutane. Kai kaɗai ka rage min."

Na ce mata ban taɓa mayar da kayan mai kaya ba tunda nake. Ta ce ta sani, shi ya sa ta zo da ƙafarta. Ta juya ta tafi, ni kuma na tsaya da hannu cikin baho har ruwan ya kwanta.

Na yi tunanin yi masa dabara, in ce gawayi ya yanke ko dutse ya lalace. Na ga ƙarya ba ta dace da tsakanina da shi ba. Da ya zo da yamma da ƙullin kayansa, na ba shi wuri ya zauna, na gaya masa kai tsaye: zan wanke masa, zan goge na Juma'a da na zaman ofis, amma na shiga ƙauye na daina. Na ciro wata riga da na riga na tsufar, daidai tsawonsa, na ajiye a gabansa.

Ya daɗe yana kallonta bai taɓa ta ba. Ya tambaya ko Hajiya ce ta zo, na ce ita ce, amma bakina ne ke magana yanzu.

Ya ce, "Sarkin Wanki, mutanen Ruma ba su ga likita ba bana, ba su ga malamin makaranta ba. In suka hango farin nan a kan hanya, sun san ba a manta da su gaba ɗaya ba. In ni ma na je musu a ɓoye kamar ɓarawo, to ofishin nan bai taso daga Katsina ba, allonsa kawai aka kawo."

Na ce, "Malam, allo in ya faɗi a kafa wani. Kai fa?"

Ya ɗaure ƙullinsa yadda ya kawo shi, har da na Juma'ar, ya yi min sai da safe. Raina ya ɓaci ƙwarai, na bi bayansa da faɗa ina cewa taurin kai ba ibada ba ne, yana da 'ya'ya, ya ji tsoron Allah. Ko waiwaye bai yi ba.

Daga ranar bai sake kawo min ko hula ba. Ba mu yi gaba ba, a sahu ɗaya muke salla, mu gaisa, ya tambayi aiki in ce da godiya. Amma Sarkin Wanki ya fita daga bakinsa, na koma Malam Haruna. Na ji labari ya sayi dutsen guga a kasuwa yana yi da kansa. Ba sai an gaya min ba ma, ido na gani. Zai wuce ta gaban rumfar nan da safe, karin hannun riga biyu-biyu, sitaci ya taru wuri guda ya yi tauri, wani wurin lagwab. Mutumin da na fi shekara ashirin ina fitarwa tsaf! Nakan kawar da kai in ci gaba da abin da nake yi. Sau da yawa na yi niyyar in aika a karɓo min kayan, sai in tuna fuskar matar nan a bakin rumfa, in fasa. Ina nan ina jiran ranar da kunya za ta sa ya gaji, shi kuma bai gaji ba.

Gab da faɗuwar damina ya tafi Ruma kai irin gero mai saurin nuna, don mutane su samu su girbe kafin a hana su shiga gona. A hanyar dawowa bayan la'asar ya haɗu da ayarin masu babura da suka taso daga cin kasuwa, suka jero tare. Aka buɗe musu wuta daga cikin duhuwa. Waɗanda suka tsira sun ce ranar ba a sauke kowa ba, ba a duba hannu ko riga ba. Mai tsumma da mai fari duk ɗaya aka yi musu. Mutanen Ruma ne suka ɗauko shi a kafaɗa har inda mota ke iya zuwa. Washegari da safe muka kai shi makwancinsa.

Bayan addu'ar uku wani dattijo daga Ruma, wanda yana cikin waɗanda suka ɗauko shi, ya zo min da ƙulli a leda, farin kaftanin da Malam Yusha'u ya sa ranar ne a ciki. Ya ce Hajiya ce ta ce a kawo min, tana so a wanke a ajiye wa babban ɗansa. Ya zauna kan bencin nan da kuke kai, ya ce, "Mutumin ga, ko ranar da muka rufe namu bakwai, washegari sai ga shi." Sannan ya tashi ya tafi.

Yanzu ku saurara, ku masu cewa kowa zai iya. Jini ba a kai shi kusa da ruwan zafi, in ka yi haka ka dafa shi cikin zare har abada. Ruwan sanyi ake sa wa, da gishiri. Na buɗe durom ɗin da nake ajiyar ruwan sama, ɗan abin da ya rage na bara, na jiƙa kaftanin. Ya bushe ya yi tauri kamar fata, daga kafaɗar hagu har ƙasa. Ba a cuɗa shi, a bar shi ya saki da kansa, a zubar a sake, a zubar a sake, har ruwan ya daina canza launi. Sannan sabulu, a hankali, da tafin hannu. Ina yi ina hawaye, ba na jin kunyar faɗa muku.

Jinin ya fita tas. Da ya fita ne na ga abin da ke ƙarƙashinsa. A kafaɗar, sama kaɗan da inda harsashi ya shiga, akwai ƙunar dutsen guga, ruwan ƙasa, da siffar bakin dutsen sak. Sabuwa ce, ko wanki ɗaya ba ta gani ba. Ya bar dutsen ya yi zafi da yawa, ko ya ajiye shi ya juya neman wani abu. Ya ga ƙunar, kuma ya sa rigar haka nan ya tafi.

Na matsa lemun tsami na shanya a rana, na sake, na gwada duk abin da na sani. Ƙuna in sama-sama ce takan ɗaga, wannan ta ci zare. Hudar harsashin na kai wa tela ya cike ta da farin zare, sai ka kai ido kusa za ka gani. Ƙunar ta zauna. Na sa sitaci daidai, na hura gawayi mai kyau, na goge kaftanin nan irin gugar da ban taɓa yi wa kowa ba. Wajen ninkewa na karya shi ta yadda kafaɗar hagu ta shige ciki, don kada yaron ko uwarsa su buɗe su ci karo da ita.

Na kai da kaina. Hajiya Binta tana cikin takaba, ta tsaya daga bakin ƙofar ciki, ni ina zaure. Na yi mata gaisuwa, ta amsa, na miƙa. Na zaci za ta shige da shi. Sai ta warware ninkin a tsaye a wurin, ba ta nemi hudar harsashin ba, kai tsaye ta juya kafaɗar hagu ta ɗora yatsa a kan ƙunar.

Na ce, "Hajiya, na yi iya yina. Ba ta fita."

Ta ce, "Na sani. A gabana ya ƙona. Da safen nan ya roƙe ni in goge masa ko sau ɗaya, ya ce ya makara, mutane na jiransa. Na ce ba zan taɓa ba."

Ta mayar da ninkin da kanta, ta bar ƙunar a sama, ta rungume rigar ta shiga ciki. Na daɗe a zauren kafin na iya nemo takalmana.